Sa Ido Kan Lafiyar Ciyawar Teku da Ingancin Ruwa

Ciyawar teku tsiro ce mai saiwa da fure da iri, da ke shimfiɗuwa a ƙasan ruwa marar zurfi kusa da gaɓa. Ba gansakuka ba ce. Nau'inta ya kai kusan 70, kuma tana gaɓar kowace nahiya ban da Antatika. Ƙananan kifaye na fakewa a cikinta, ayu da kunkurun teku kuma na kiwonta.

Rayuwarta ta rataya ne a kan haske. Galibin nau'o'in sai kashi 10 zuwa 25 cikin 100 na hasken da ke saman ruwa ya iske ganyensu, shi ya sa ba a raba awon ciyawar da awon ruwan.

Tsarin awon ciyawar teku mai suna Seagrass-Watch, wanda aka fara a Ostareliya a 1998, ya yaɗu ƙwarai. Idan ruwa ya janye, sai a ja layi 3 masu tsawon mita 50, da tazarar mita 25 a tsakaninsu. A kowace mita 5 a ajiye firam mai santimita 50 tsawo da faɗi, jimilla sau 33. A rubuta yawan wurin da ciyawa ta rufe, da nau'inta, da tsawon ganye, da irin ƙasar, da gansakukar da ta manne wa ganyen, sannan a ɗauki hoto daga sama. Kimanta rufin da ido ake yi, kuma masu awo kan saɓa, don haka ake riƙe hotunan gwaji na kwatance. Dole a koma wuri ɗaya a lokaci ɗaya na shekara, domin ciyawar kan ragu ta ƙaru da sauyin yanayi.

Alamar da ta fi saurin bayyana ita ce iyakar ciyawar ta ɓangaren zurfi. Nan haske ya fi ƙaranci, nan take fara mutuwa idan ruwa ya gurɓace, alhali ta kusa da gaɓa tana nan shar. Ana kafa turaku a iyakar a riƙa duba ko ta ja baya.

A ɓangaren ruwa, ana zura farin faifan Secchi har ya ɓace wa ido, a rubuta zurfin. Ana auna zafi da gishiri da oksijin, wanda ya fi ƙaranci da asuba, don haka awon tsakar rana kaɗai yana ɓoye haɗari. Na'urar auna haske da aka bari a ruwa tana yin datti, sai ta nuna duhun da babu in ba a goge ta ba.

Naitirojin daga takin zamani da ruwan masai ya fi wuyar kamawa. Gansakuka na zuƙe shi nan da nan, sai ruwan ya nuna kaɗan alhali ɓarna na tafiya, don haka ake busar da ganye a auna naitirojin da ke jikinsa. A mashigin ruwan Indian River na jihar Fulorida a Amurka, yaɗuwar gansakuka ta tare haske, ta kashe ciyawa mai yawa, kuma a 2021 ayu fiye da 1,000 suka mutu a jihar, da dama saboda yunwa.